Layi a Shagon Auta

Duk wanda ya sake ce mini girman kai ne ya raba ƙanena da shagonsa, sai na watsa masa ruwan wanke kwalabe. Na faɗa a bakin titi, na faɗa a ƙofar coci, ga shi kuma ina faɗa a nan. Kantina yana jingine da bangon shagon nan, ko tari aka yi a ciki ina ji. Saboda haka kada wani ya zo yana ba ni labarin abin da na gani da idona.

Auta muke ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Ni ce babba. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, ni kuma na sha faɗa duk ranar da ya ɓata wando. Tun yana ƙarami ba shi da baki, ni kuwa Allah ya ba ni nawa ya haɗa mini da nasa. In yara suka ƙwace masa abu sai ya tsaya yana kallonsu, har sai na fito da tsintsiya. Da karatu ya ƙi shiga, babanmu ya kai shi wurin wani mai aski. Ya yi shekaru yana share gashi, yana wanke tawul, yana riƙe madubi, kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Da maigidan nasa ya tsufa, hannu ya fara rawa, sai ya bar masa shagon da wata tsohuwar kujera mai juyawa, wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif. Ya kuma bar masa doka ɗaya: wanda ya riga zuwa, shi ake fara yi wa.

Ga yadda abin yake. Akwai dogon benci daga bakin ƙofa zuwa kusa da kujerar aski. In ka shigo, ka zauna a ƙarshe ta bakin ƙofa. In Auta ya karkaɗe ƙyalle ya kira na gaba, kowa sai ya matsa. Shi ke nan, ba lamba, ba kati. Fasto da kansa yana zama a bencin nan ya jira. Wani babban ɗan sanda ya taɓa shigowa yana kallon agogo, ya ce ana jiransa a ofis, Auta ya nuna masa ƙarshen benci. Ni kaina na taɓa jawo maigidana da hannu, za mu ɗaurin aure, na ce haba Auta, surukinka ne fa, sa masa inji ya wuce. Ko ɗago kai bai yi ba.

“Yaya, layi ne.”

Kalmomin nan sun sha ƙona mini rai, amma mutane saboda su suke zuwa. Ranar Asabar shagon cika yake yi, kowa yana so ya shiga coci da kai a gyare. Ana gardamar ƙwallo, ana gulmar gwamnati, shi mai shagon yana ta aikinsa shiru, sai ƙarar inji.

Bencin nan Kafinta ne ya haɗa shi. Abokin Auta ne tun suna samari, cocinmu ɗaya, kuma ba ya fashin askin Asabar. Yana da ’yar yarinya mai surutu, mai wushirya, wadda in an tashi makaranta sai ta biyo ta kantina ta sayi alawa, ta tsaya tana gaya mini wanda malami ya doka. Wata rana da la’asar tana tsaye a gaban kantin, jakarta a baya, sai ga tifa ta kauce hanya ta hau gefen titi. Wanda yake tuƙin ma ɗan cocinmu ne, Direba muke ce masa, kuma ya sha ya yi tatil. Ni ihu kawai na iya yi. Auta ne ya fizge ƙyallen da ke wuyan mai aski, ya fito a guje, ya naɗe ta, ya rungume ta ya shiga mota. Kafin su kai asibiti ta cika a hannunsa. Ya dawo da jini a riga, ya zauna a bayan shago.

Aka ɗaure Direba. Na tsine masa a lokacin, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Kafinta kuwa tun daga ranar bai sake taka wannan gefen titin ba. In zai wuce sai ya tsallaka can, ya kau da kai. Matarsa ce take rage masa gashi da almakashi, nan tudu, nan kwari. Mutanen da suka cika gidan lokacin makoki duk suka watse. Auta ne kawai ya ci gaba da zuwa. In ya rufe shago da yamma sai ya biya ta wurin aikin Kafinta, ya zauna a kan katako, su yi shirunsu tare, ya tashi ya tafi gida.

Shekaru suka wuce, aka sako Direba. Da na gan shi ban gane shi ba. Ya rame, haƙora sun zube, gashi da gemu sun cukurkuɗe kamar tsummar goge ƙasa. Matarsa ta daɗe da kwashe yara ta tafi. Ya samu aiki a wurin wankin mota, a can yake kwana, kuma an ce ya daina sha. Ranar Lahadi yana zuwa coci ya zauna can baya, nan da nan sai ka ga fili ya buɗe kewaye da shi. Fasto ya yi wa’azin gafara har muryarsa ta dishe, muka amsa amin coci ya girgiza. Da aka tashi, ko mutum ɗaya bai miƙa masa hannu ba.

To, wata Asabar da rana, shago ya cika, sai ga shi. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai juya, sannan ya zauna a ƙarshen benci, rabin jikinsa a waje. Gardamar ƙwallo ta mutu nan take. Wannan shirun ne ma ya sa na bar kanti na leƙo. Na kusa da shi ya matsa, ba don layi ya motsa ba. Wasu suka tuna suna da sauri suka fice. A cikin masu jira akwai Dattijo, babba a dattawan ikkilisiyarmu, kuma shi ne mai ginin da shagon yake ciki. Aka yi masa nasa askin, amma bai tafi ba, ya tsaya yana gyara wuyan riga a madubi.

Layi yana tafiya, Direba bai matsa ba. Waɗanda suka zo bayansa suka riƙa tsallake ƙafarsa suna zama a gabansa. Amma Auta idonsa yana ƙirga masu shigowa ko yana tsakiyar gyaran gemu. Da aka zo kan Direba, wani saurayi har ya miƙe yana cire hula. Auta ya karkaɗe ƙyalle ya ce, “Ya riga ka. Direba, kai ne.”

Direba ya girgiza kai. Auta ya juya kujerar ta fuskance shi, ya tsaya yana jira, har sai da ya taso. Ya ɗaura masa ƙyallen da yake ɗaura wa kowa, ya sa masa injin da yake sa wa kowa. Ya tsefe gashin nan a hankali, ya sauke shi, ya gasa masa gemu da ruwan zafi, ya shafa masa hoda, ya ɗaga ƙaramin madubi ya nuna masa ƙeya. Direba bai duba ba. Idonsa a rufe yake, hawaye suna bin hodar. Ya biya, ya fita da sauri. Dattijo ya yi tsaki mai tsawo, shi ma ya fita.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma raina bai so ba. Da shago ya yi sauƙi na shiga na ce, “Auta, me ya kai ka? A duk masu askin duniya sai kai?” Ya ce, “Yaya, layi ne.” Na ce layin banza, na koma kanti ina ta jefa kwalabe a akwati. Amma wannan tsakanina da ƙanena ne. Ni na goya shi, ina da ikon yi masa faɗa. Da yammar nan kuma bai ɓoye ba, ya je wurin Kafinta ya ce masa, “Yau na yi wa Direba aski.” Kafinta yana goge katako, ya ci gaba da gogewa, bai ɗago ba. Auta ya dawo jikinsa a sanyaye.

Washegari Lahadi bakuna suka buɗe. Kai, ’yan Adam! Wannan ta ce Auta ba shi da zuciya, jinin yarinya bai bushe a ƙofar shagonsa ba yana shafa wa wanda ya kashe ta hoda. Waccan ta ce neman suna yake yi, so yake a ce ya fi Fasto tsarki. Wani ƙato, wanda kansa bai taɓa rabuwa da amosani ba, ya ce shi ba zai bari a sa masa injin da ya kwaso ƙwarƙwatar gidan yari ba. Kuma kowa in zai rufe maganarsa sai ya langaɓe kai ya ce, “Kafinta nake tausayi.” Kafinta! Na tambayi wata, yaushe rabonki da gidan Kafinta? Ta ce ai tana sa shi a addu’a. Na ce to ki sa bakinki ma a ciki, ya fi shi buƙata. Da sunan mutumin nan suka yi ta yanka ƙanena, kuma babu ɗayansu da ya taka ya tambaye shi abin da ke ransa.

Abin da ya fi ba ni haushi, da Auta ya ɗaga hannu ya shara wa Direba mari a ranar, da sun ɗauke shi a kafaɗa. Da ya kau da kai kamar kowa, da har yau shi mutumin kirki ne. Mu da ba mu yi komai ba, ba wanda ya zage mu. Shi da ya aikata abin da muka ce wa amin, shi ne ya zama abin nuni da baki.

Cikin makon Dattijo ya zo da safe, lokacin ba kowa. Na ji muryarsa ta bango, a tausashe, irin wadda yake addu’ar karɓar baiko a coci da ita.

“Ɗana, ba wanda ya hana ka alheri. Mu ma Kirista ne. Amma alheri a ɓoye ake yin sa, haka aka koya mana. Ka bar mutumin nan ya riƙa zuwa in ka rufe, ta ƙofar baya. Ka yi masa kyauta ma, ladan ya fi yawa. Ba sai ka baje kolinsa a gaban jama’a kana tayar musu da ciwo ba.”

Ka ji fa! An ɗauko koyarwar Ubangiji an mayar da ita tsintsiyar share mutum zuwa bayan gida. Na ajiye gwangwanin madarar da ke hannuna na kasa kunne. Sai Auta ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

“Baba, ku yi haƙuri. Ba sadaka nake ba shi ba. Aski ya zo yi, ya bi layi, ya biya kamar kowa. Ta ƙofar baya nake fitar da shara. In na ce ya shigo ta can, na gaya masa abin da yake ke nan. Ba zan iya ba, Baba.”

“Au, ni kake koya wa?”

Nan na faɗo shagon, ɗankwali a hannu. Na ce, “Ranka ya daɗe, ranar da yarinyar nan take kwance a titi kana ina? Wannan da kake gani shi ya ɗauke ta. In akwai mai ikon ƙin Direba a layin nan bayan ubanta, shi ne. Bai ƙi ba, sai kai?” Ya ce ba da ni yake ba, in koma in sayar da sabuluna. Na ce sabulun ma akwai wanda zan ba shi kyauta ya wanke zuciya. Auta yana ta cewa Yaya, Yaya, ya isa. Dattijo ya miƙe, muryar baiko ta tafi. Ya ce ba zai bari a mayar masa da gini wurin raba kan ikkilisiya ba. Zuwa ƙarshen wata, ko ƙofar baya ko mabuɗi.

Fasto ma ya zo, bawan Allah. Ya riƙe hannun Auta ya ce masa a hankali, “Abin da kake yi daidai ne, ɗan’uwa.” Sai kuma ya ƙara da cewa ya duba zaman lafiyar ikkilisiya. Na jira Lahadi in ji ya maimaita rabin farkon a kan mumbari. Wa’azin haƙuri da juna ya yi, bai kama sunan kowa ba. Auta yana cikin masu tsayawa a ƙofar coci suna marabtar mutane, aikin da yake yi tun kafin ya yi aure. Aka ce ya ɗan huta tukuna. Ya cire bajon da suke maƙalawa a ƙirji, ya miƙa, ya je ya zauna a baya. Kun san kusa da wa akwai fili.

Shago ya fara mutuwa. Akwai wani sabon mai aski a tsallaken titi mai kiɗa kamar gidan rawa, can suka koma, suna fitowa da kai a karkace suna cewa ya yi kyau. Asabar ta zo, bencin da ba a samun wurin zama ya zama wurin kwanciyar kyanwa. Auta sai ya share shago, ya sa wa inji mai, ya sake sharewa. Matarsa ta zo wurina tana kuka, ta ce, “Yaya, ki yi masa magana, yara fa. Wa zai ba shi wani shago a wannan layin?” Ba ta yi ƙarya ba. Maigidana kuwa na tura shi aski har sai da ya ce, “Ke, fata kawai ta rage, ita ma a aske?”

Direba ya ji labari. Wata yamma Auta yana rufe taga, sai na ga mutum yana raɓewa ta lungu zuwa ƙofar baya. Direba ne. Ya ce da Auta shi ya yarda, a yi masa a nan, ko ma a daina yi masa gaba ɗaya, kada a rasa shago saboda shi. Ya ce shi ai bai cancanci benci ba. Auta ya kama hannunsa, ya zagayo da shi ta gaba, ya nuna masa ƙofa ya ce, “Na rufe yau. In za ka zo, nan ce hanya.”

Da ya tafi na tare ƙanena. Na ce, “Tsaya, shi kansa ya yarda, kai mene ne naka? Don shi kake yi ko don kanka?” Ya zauna a kujerar askin, abin da ba ya yi. Ya ce, “Yaya, tsoro nake ji. Ban san inda zan kai kujerar nan ba.” Ya dubi tafin hannunsa. “Kina tsammani daɗi nake ji? Duk lokacin da na ɗora hannu a kansa, nauyin yarinyar nan nake ji. Ranar farko sai da na fita baya na yi amai.”

“To don me, Auta?”

“Da Yesu ya jira sai ya ji daɗinmu kafin ya taɓa mu, wa zai taɓa? Mutumin nan ya gama ɗaurinsa. In kowa ya ce masa bayan gida ne wurinsa, zai yarda, kuma kwalba tana can tana jiransa.”

Na koma gida na durƙusa, amma addu’ar da na yi ta faɗa ce. Na ce Ubangiji, kai ma an yi maka wannan, an zage ka don ka zauna cin abinci da waɗanda ba a so. Ka san zafinsa. To kada ka zuba ido a mayar da ƙanena abin dariya. Na ce in ba za ka taɓa zuciyar Dattijo ba, ka ba ni izini in taɓa shi da kaina. Ba a ba ni ba.

Ƙarshen wata ya zo, zuciyar Dattijo tana nan yadda take. Auta ya share shagon tas, ya cire madubi daga bango, ya kai mabuɗi har gida ya ce na gode, Baba. Na gode! Da ni ce da a kwata zai tsinci mabuɗin. Kantina dai ba na Dattijo ba ne, na maigidana ne. Muka ciccibo kujera da benci muka ajiye a gaban kantin, muka kafa rumfa da kwano, muka ja waya daga ciki. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a shago mai ƙofa da taga ya koma aski a bakin titi, ƙura tana shiga ido, ruwa in ya sauko da iska sai a tattara. Shagon kuwa bai dawo ba, kada wani ya yi tsammanin haka labarin zai ƙare. Mai sayar da kayan waya ne a ciki yanzu. Kuma sai da muka gama kafa rumfar na lura inda bencin ya zauna, daidai wurin da yarinyar ta tsaya ne.

Asabar ta farko a rumfa, Direba bai zo ba har rana ta yi tsaka. Na ɗaura ɗankwali na tafi wurin wankin mota, na same shi a bayan wata motar haya yana ɓuya da soso a hannu. Na ce, “Kai! An rasa shago a kanka, sannan ka maƙale a nan? Wato ƙanena ya yi asarar banza ke nan? Ajiye soson nan ka wuce gaba.” Ya bi ni kamar ɗan makaranta. Muka tarar maigidana yana kan kujera ana bin fatar kansa da inji. Direba ya zauna a benci shi kaɗai. A tsallake masu jiran sabon mai aski sun fito suna kallo. Dattijo ma yana tsaye a ƙofar tsohon shagon yana nuna wa mai fenti bango.

Sai na hango Kafinta. Yana tafe a can gefen da ya saba bi, da guduma a soke a ɗamara. Ya zo daidai mu ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya duba hagu da dama, ya tsallako. Kiɗan tsallake ma aka rage shi. Dattijo ya matso, fuskarsa tana cewa ga abin da na faɗa. Auta ya kashe inji.

Kafinta bai kalli kowa ba. Ya tsaya a kan bencin, ya girgiza shi da hannu, ƙafa ɗaya ta yi lilo, ta saki wurin ɗauko shi. Ya zaro guduma. Direba ya runtse ido ya sunkuyar da kai, bai ko kare kansa ba. Kafinta ya tsuguna, ya ciro ƙusa daga aljihu, ya buga a ƙafar bencin, ya sake girgizawa. Sannan ya zauna a ƙarshe, inda mai zuwa yake zama. Gashin nan nasa na almakashi ya yi furfura, ban san ya yi haka ba sai da na gan shi kusa.

Maigidana ya sauka daga kujera ba tare da an karkaɗe shi ba. Direba ya miƙe zai gudu.

“Zauna,” in ji Kafinta. “Ka riga ni zuwa.”

Direba ya zube a ƙasa yana wani irin kuka, yana neman kama ƙafarsa. Kafinta ya janye ƙafar.

“Kada ka taɓa ni. Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka na yafe. Kullum ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, bai ba ni ba tukuna.” Ya ɗaga kai ya dubi Dattijo, ya dubi na tsallake. “An ce saboda ni aka kori mutumin nan daga shagonsa. Wa ya zo ya tambaye ni? Shi kaɗai yake zuwa wurina. Shi ya ɗauki ’yata.” Ya juyo ga Direba. “Tashi ka hau, kana ɓata mana lokaci.”

Dattijo ya juya ya koma wurin mai fentinsa. Na so in bi shi da magana, ga ta nan cike da bakina, amma na ƙyale shi.

Auta ya ɗaura wa Direba ƙyalle. Ya kunna inji. Ya yi askin nan yadda ya saba, bai gaggauta ba, da ruwan zafi, da hoda, da ƙaramin madubi. Duk tsawon lokacin Kafinta yana zaune, hannuwa a gwiwa, idonsa a kan ƙasar da ke gaban kantina. Na ɗauko ruwa mai sanyi na ajiye kusa da shi, bai sha ba.

Direba ya sauka, ya biya, ya tafi yana share fuska. Kafinta ya matsa a kan bencin har zuwa kusa da kujera, ko da yake ba kowa a gabansa, ba kowa a bayansa. Auta ya karkaɗe ƙyalle. Ya juya masa kujerar.

“Kafinta, kai ne.”